Yadda Za Ka Yi Suna da Kiɗan Rasha a Ƙasar Mayahi

Kai mai son suna, matso kusa. Hanyar nan tabbas ce. Sha'aibu na Tasawa ya bi ta daki-daki, yau ko akuya ta san shi.

1. Ka tafi da wata niyya daban

Shi karatun injin noma aka tura shi Rasha. Can ya haɗu da Kolya, wani dogon Bature mai waƙa kamar an taka masa yatsa, suka kafa ƙungiya a ɗakin ajiyar dankali. Sunan kiɗan nasu rok. Riƙe kalmar nan da kyau.

2. Ka tara gashi

In an tambaya, ka ce sanyi.

3. Ka dawo da gitar, garayar Turawa

Takardar gama karatu nauyi gare ta, bar ta can.

4. Ka so 'yar mutane tsakani da Allah

Hafiza, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Attantane, ita kaɗai ke sauraren waƙoƙinsa har ƙarshe, tana tambayar ma'ana. Ya so ta har ya aske gashin nan.

5. Gaban surukai, ka faɗi gaskiya

Mahaifinta, Malam Abdussalamu, ya ce, "Yaro, mi kake yi can?"

"Rok, Baba."

"Roƙo?"

"A'a, Baba, rok. Mu yi kiɗa, mu yi waƙa, jama'a su biya."

"To, mi ya rage?" Ya dubi ƙanensa. "Har ƙasar Turawa ya tahi roƙo!"

A nan kada ka ƙara bayani. Sha'aibu ya ƙara.

6. In an kira ka, ka je

Bayan kaka sai ga saƙo: Malam na nemansa, ya zo da gitar. Ya zuba babbar riga, ya shiga motar Mayahi, murna kamar ta kashe shi. Ya tarar an kafa rumfa. Auren Hafiza ake da wani ɗan kasuwa.

Malam ya tarbe shi da fara'a. "Muka ce don mi za a ɗauko maroƙi daga nesa, ga namu na gida?"

Ya buga. Waƙar rabuwa ce ta Kolya, ya rera ta da Rashanci yana hawaye, mata na guɗa suna liƙa masa kuɗi a goshi. Mutum ɗaya ce ta san abin da yake cewa, ita kuwa tana cikin lulluɓi.

Gargaɗi

Yanzu daga Tasawa har Issawane ba a biki sai da shi. In ka bi hanyar nan ka kwana kai kaɗai da gitar, ba ruwana. Suna na yi maka alkawari, ban ce aure ba.