Babin da Na Karanta wa Inna Mai Albasa

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je gidan marigayi marubucin nan da ke wani ƙauye bayan Achida ba. Mutumin da littattafansa suka raine mu ne, kuma har yau ɗakinsa na nan yadda ya bar shi, baƙi na zuwa gani.

Ni da Bashar muka je, abokin aikina a makarantar da muke koyarwa a Goronyo. Bashar ya buga littafi ɗaya, ni kuwa shekara shida ina rubuta nawa a littafin atisaye. (Na karanta nasa sau uku ina neman kuskure, na samu kuskuren waƙafi biyu kacal.) Matar marigayin ce ta aika a kira shi, wai za ta ba wani matashin marubuci alƙalamin mijinta. Da na ji haka sai na ce zan kai shi a babur ɗina. Allah ya sani ba zumunci ya sa ni ba, alƙalamin nake so.

Muka tarar da matar, Inna, tsohuwa tukuf, a tsakar gida tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Bayan gaisuwa ta nuna mana ɗakin: buzu, fitila, akwatin takardu. Sannan ta koma kan albasarta ta ce, "Nan Malam ka zama shi karanta min kowane babi ina wanga aiki. In hannuna ya tsaya, babi ya yi. In bai tsaya ba, shi sake."

Bashar ya karanta shafi ɗaya. Hannun Inna ya tsaya da albasa a ciki, har ta ce, "To, sai mi yaf faru?" Na ji kamar an zuba min yaji a ƙirji. Ban jira an ce in karanta ba, na zaro nawa daga cikin riga.

Na fara da bayanin fitowar rana a kan madatsar ruwa (shafi huɗu ne, ina alfahari da shi). Kafin in gama na biyu hannun Inna ya tsaya cak, kanta a sunkuye. Albasar ma ta faɗi daga hannunta! Na harari Bashar, na ƙara murya, har da miƙewa tsaye. Yana ta ja min gefen riga, na fizge, na ce a raina hassada ce ke cin sa.

Ina tsakiyar shafi na shida sai na ji minshari.

Na yi shiru, shirun ne ma ya tashe ta. Ta murza ido ta ce, "Ka ƙare, ɗana? Allah shi yi ma albarka. Kwana ukku ƙafar ga ta hana ni runtsawa." Sai ta ƙara da cewa, "Malam dai, in na yi kwana, ƙone babin shikai."

Bashar ya samu alƙalami. Ni aka ƙulla min albasa a leda, kuma ni na goyo shi har Goronyo, ina jin cikinsa na rawa a bayana saboda dariyar da yake dannewa.

Abin da na koya shi ne, in mai sauraronka ya yi tsit, leƙa fuskarsa kafin ka harari abokinka. Albasar kuwa mun ci, ta fi babin daɗi.