Layin Takalma

"…lafiya ƙalau, sai kewar miji marar zumunci," na ce masa. "Shigo mana, ko kunnuwan ne suka maƙale a ƙofa?"

Jikana ne, ɗan 'yata ta fari, Allah ya ji ƙanta. A waje Honarabul suke ce masa tun da suka tura shi majalisar jiha. A ɗakina kuwa sunansa Faifai, saboda kunnuwan da Allah ya hore masa. Ya sunkuyo ya shigo da kwali a hammata, ya zauna a bakin gadona tun ban ba shi wuri ba.

"Amarya, kin ƙara tsufa tun wancan makon."

"Jiran miji irinka ne. Me ka riƙo? In ba na ci ba ne ka mayar."

"Da wane haƙorin za ki ci? Takalmi ne. Ranar Asabar za a yi bikin buɗe asibitin unguwa da na sa aka gyara, ke za ki yanke ƙyalle. Duk waɗanda kuka yi aiki tare a asibitin sun gaji da ke sun yi gaba."

Na buɗe kwalin. Takalmi ne mai sheƙi, ga faɗi kamar kwalekwale.

"Ƙafata ka auna ko ta direbanka?"

"Ce wa mai shago na yi ya ba ni na matar da ta fi kowa yawo a gari. Bai ko tambayi suna ba."

"To ka gaishe shi. Zuwa dai ba ni zuwa."

"Ba ki zuwa? Shekara biyu ina shan surutu a majalisa kan asibitin nan. Maganin yara kyauta, an ƙaro nas biyu, ga ɗakin reno a gefe don mata masu zuwa aiki su ajiye 'ya'yansu. Mako biyu ke nan da fara aiki, kowa sai sa albarka. Ke kaɗai ce kwalliyata ba ta biya miki kuɗin sabulu ba."

"Duk na ji, Allah ya yi maka albarka. Ina bencina?"

"Wane benci?"

"Dogon nan kore, mai guntuwar ƙafa da muke tallafa wa da bulo."

"Wannan gurgun? Ai sa'anki ne. Yanzu kujerun ƙarfe ne, ga na'ura a bakin ƙofa. Ki danna ta tofo miki lamba, lambar ta fito a allo. A kira sau uku, ba kya nan ta wuce. Ba cuwa-cuwa, ba sanayya."

"Ba hankali kuma. Na'urar taka tana da ɗa a goye?"

"Amarya, zamani riga ne."

"Kowa da irin ɗinkinsa. Saurara, Faifai, tunda Allah bai rage ka da abin ji ba. Ka san maƙwabciyata mai aiki a gidan burodi? Sau uku tana kai jaririnta ɗakin renonka da sassafe, ta danni lamba, ta ruga wurin aiki. Hutun rana rabin awa ake ba su. Ta zo da gudu, lamba ta wuce, a ce ta danni sabuwa, ta sami ta tamanin da wani abu. Lokacin allurar yaron yana ta wucewa. Mai gidan burodin kuma ya ce ranar da ta yi fashin safiya, akwai masu jiran gurbinta. To wanne za ta zaɓa, allura ko abin sa wa a baki?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan ba a kawo mini a rahoto ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Masu rubuta maka rahoto a mota suke zuwa."

"To a zamaninku na jahiliyya yaya kuke yi?"

Nan fa ya taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara talatin da 'yan kai ina sharar asibitin nan, tun yana ɗaki biyu, rufi yana zuba, Sista tana yawo da agogo maƙale a ƙirji. Har yau in na ji warin maganin wanke ƙasa sai in ga kamar zan juya in gan ta.

"Lokacin masaƙa tana aiki," na ce, "kafin a busa jiniyar safe mata za su biyo, kowacce da tsohon takalmi wari ɗaya a ƙullin zane. Ta ajiye ƙarƙashin benci, bayan na wadda ta riga ta, ta wuce aikinta. Ni kuma ina shara ina tura su gaba da tsintsiya. Wanda ya iso ƙofa mai shi ba ta zo ba, in ɗora shi a kan taga. Tana shigowa da goyonta, ita ce ta gaba. Ban san bihim ba, amma takalmi arba'in na san ƙafar kowanne. Ba a taɓa faɗa a layina ba."

"Ban da ranar da kika kwaɗa wa matar ɗan sanda tsintsiya."

"Takalmi biyu ta ajiye, ɗaya na ƙanwarta. Kuma gefen tsintsiyar ne."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wato so kike in miƙe a zauren majalisa in ce, ya Shugaba, na zo da ƙudurin tsofaffin silifa?"

"Kun sha kawo abin da bai kai silifa amfani ba."

"Za a ce matata ta mallake ni."

"Da na mallake ka, da ka fi haka ƙiba. Ɗaga ƙafarka, jawo mini akwatin nan."

Ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado yana mita wai gadonsa nake ɓoyewa. Na ɗaga zannuwa, na zaro abin da ke ƙasa, na ɗora masa a cinya. Silifa ce shuɗiya wari ɗaya, ta siɗe a dunduniya, an ɗaure maɗaurinta da waya.

"Wannan kuma ta wace tsohuwar ce?"

"Ba ta samu ta tsufa ba. Ta uwarka ce."

Ya ɗauki silifar, ni kuma na ci gaba.

"Duk allurar da ke jikinka, wannan ce ta yi maka layi. Uwarka takan shigo da gudu, auduga duk ta manne mata a ɗankwali, ta karɓe ka daga hannun mai reno, a tsira maka allura, ka cika asibiti da ihu, ta share maka hawaye da bakin zane ta koma kan injinta kafin jiniya. Ko sau ɗaya ba a yanke mata yini ba. Da na'urarka ce a lokacin, da ƙyanda ta cinye kunnuwan nan tun ba su yi faɗi ba."

Ya daɗe yana juya silifar a hannu, yana shafa wayar da babban yatsa. Na kau da kai na shiga gyaran zannuwan da ba su ɓaci ba.

"Ko ina bencin yake yanzu?" ya ce a hankali.

"Bayan ɗakin janareta, an kifa shi. Bulon ma yana nan, na aika an duba."

"Ashe da shirinki."

"Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi."

Ya ciro waya, ya kira shugabar asibitin. Ina ji ya ce a mayar da benci bakin ƙofa, a sa ma'aikaciya guda ta riƙa riƙe wa masu zuwa aiki layinsu, wadda lambarta ta wuce tana dawowa ita ce ta gaba. Ya ce kuma zai kai maganar majalisa don sauran asibitocin. Da ya kashe ya dube ni.

"Ki gaya wa maƙwabciyar taki ta zo gobe, ba sai Asabar ba. Kin ci ni, tsohuwa. Sai ki zo ki yanke ƙyalle."

"Zan duba ayyukana."

Ya sa silifar uwarsa a aljihun babbar riga, ban hana shi ba. Har ya miƙe, na zaro wari ɗaya daga sabon kwalin na miƙa masa.

"Ungo. Ka ajiye mini a ƙarƙashin benci, can gaba. Gwiwar nan tana damuna, kuma ba zan danni abin da ba ya gaisuwa ba."

Ya fashe da dariya, idonsa bai gama bushewa ba. "Amaryar Honarabul za ta zo biki da takalmi wari ɗaya?"

"Sai su san a layi nake. Sunkuya da kyau, kada ka tafi mini da ƙofa."