Rasuwar Amalanken Kwasar Mushe

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, Attahir mai kwasar mushe na kasuwar dabbobi ta Tawa, wanda fari da yunwa suka gwada suka bari, yana sanar da jama'a daga Kalfu har Affala rasuwar amalankensa.

Marigayi mai haƙuri ne, bai taɓa ƙyamar kaya ba. Shekarun da shanu ke faɗuwa suna tsaye, shi da Attahir da jaki ɗaya suka share kasuwar nan, kowa ya shaida. Kafin ƙuda ya ji labari sun kai mushe bayan gari. Da an ji ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗinsa, mahauta sun san wari ya ƙare.

Ciwon ajali daga hannun mai shi ya faro. Yatsun Attahir, waɗanda ke kayar da bijimi, suka kumbura suka karkace, da safe ko igiya ba su kamawa. Likita ya bayyana mishi da harshen sana'arsa: wai cikin jikin mutum ma ƙananan ƙwayoyi na mutuwa kullum, kuma akwai masu kwashe su shiru. In masu kwasa suka yi nawa, mushe ya taru, sai masu gadin jiki su ruɗe su faɗa ma mai gida da cizo. Magani na lallashinsu ne kurum, ba ya korarsu. Attahir ya ji kunya ƙwarai, a ce shi, shi ɗin nan, mushe ke kwana cikin jikinsa.

Sai ya hana kowa taɓa marigayi. Ran kasuwa aka ɗora ma amalanken matacciyar saniya, Attahir ya ce shi kaɗai zai sauke. Ƙulli ya ƙi kwantuwa, shi kuma ya ƙi kiran kowa. Saniya ta ruɓe a kai, karnukan kasuwa da suka san shi tun suna 'yan kwikwiyo suka taru suka yage tayoyi suka watsa katako.

Marigayi ya bar jaki, da igiya, da Attahir, wanda har yau ba a haifi mai kayar da shi ba sai jikinsa.

Jana'iza gobe bayan la'asar, ƙofar gida. Ƙarfe zai tafi maƙera. Katakon da ya tsira, Hajara ɗiyar Attahir za ta hura wuta da shi ta ɗora ruwan gashin yatsu. Masu ta'aziyya su yi sallama da baki, don Allah kada kowa ya miƙo hannu.