Baturen da na ɗauka a kai har Kamaru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi addu'ar tunawa da Baba a gidanmu na unguwar Lokuwa a Mubi ba, ko da yake na so in manta.

Tun ina yaro akwai wani hoto a falonmu: Bature mai jar riga, da farin gashi nannaɗe kamar na alƙali, bayansa teku da jirgin ruwa. Baba ya ce mana shi ne ɗan mishan da ya hau duwatsun Michika ya koya wa kakanmu karatu. Na yarda ɗari bisa ɗari. Lokacin da tashin hankali ya kore mu daga Mubi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni hoton nan na ɗora a ka, na bi daji da shi har Kamaru. Jakar hotunan iyalinmu kuwa na bar ta, ta ƙone tare da ɗakin. Shi ya sa bayan mun dawo gida, ranar addu'ar ba mu da hoton Baba ko ɗaya.

Sai na jingina Baturen a kan tebur gaban baƙi, na karɓi makirfo (ba wanda ya roƙe ni). Na yi bayanin yadda wannan bawan Allah ya bar ƙasarsa saboda mu. Na nuna jirgin na ce shi ya kawo mana bishara. Har hawaye na yi, mata biyu suka taya ni.

Ana cikin cin abinci sai Dokta Zira, mijin ƙanwata, wanda ke koyar da tarihi a jami'a, ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, Turawa sun daina sa irin wannan gashin fiye da shekara ɗari kafin mishan su zo wajenmu." Ya ɗauki hoton da wayarsa, nan take ta fito da shi. Wani basarake ne na Ingila, an zana shi da fentin mai a ƙarni na sha takwas. Bai taɓa taka Afirka ba. Dukiyarsa daga gonakin rake ta fito, inda bayi baƙar fata ke aiki har mutuwa.

Na ce, "To jirgin fa?"

Ya ce, "Ba bishara yake ɗauka ba, Yaya."

Ashe har lokacin makirfon yana hannuna, kuma ban kashe shi ba. Duk tsakar gidan ta ji. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Fasto ya sunkuyar da kai cikin kwanon shinkafarsa.

Mama ce ta yi magana daga kan tabarma, a hankali. "Babanku a wajen 'yan gwanjo ya saye shi, saboda firam ɗin. Hoton aurenmu zai sa a ciki, bai samu sarari ba. Da kuka dame shi da tambaya ya ƙirƙiro muku labari."

Na ce, "Mama, kina gani na ɗauko shi, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Ana harbi zan tsaya koya maka tarihi?"

Yanzu basaraken yana toshe mana tagar kicin da gilashinta ya fashe, fuskarsa a waje, yana shan rana da ruwan sama. Ni kuma na koyi abu ɗaya: kafin in sake yi wa wani kuka a bainar jama'a, sai na fara tambayar Mama ko mun san shi.