Rasuwar Na'urar Karatun Mushe Zainulabidin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa lamari ga Allah, ni Mushe Zainulabidin, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Matameye, inda ake kiran malami Mushe, nake sanar da rasuwar na'urata ta karanta littattafai. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, tana da shekara shida a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce. Caji ɗaya kan kai ta wata guda, ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, bai taɓa ɗaga mata hankali ba, kuma ban san muryarta ba sai ɗan "ƙas" na maɓalli. Ƙanena Sa'adu ya kawo ta daga cin rani a Kano, shi ne kuma mai ciyar da ita: ya loda littattafai a ɗan kati, ya naɗe a leda, ya ba direba. In ya yi jinkiri, nakan hau katangarmu ta kudu, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, in sauke da kaina. Da haka ta tara littafi dubu huɗu, har da na gyaran jirgin ruwa. Na karanta goma sha ɗaya.

Bara wata ɗaliba, Najaha, ta zo daga Damagaram tana binciken yadda masu irin wannan na'ura ke samun littattafai. Na riƙe ta awa uku, na tabbatar mata kowa haka yake yi. Sai ta nemo sauran mutum biyu da ke da ita a garin. Littafi ɗaya ne a ta Alhaji Abdu, wato bayanin yadda ake kunna ta, kuma ya sauke shi sau biyu. Hajiya Basira da tata take haska cikin rumbu. Najaha ta dawo ta durƙusa, ta ce, "Baba, a takardata kai kaɗai ne a layinka."

Jinyar ta faro ranar da maiɗakina Baiwa, wadda ra'ayinta ya fi kusa da na jama'a, ta rufe kwanon kunu mai zafi da ita. Mai gyaran waya na bakin tasha ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce a mai da ta gida. Ta tsaya cak a shafin ƙarshe na wani labari, daidai inda alƙali ya miƙe zai faɗi wanda ya sa wa attajiri guba. Rabin jimlar na nan daskare a fuskarta. Sa'adu ya ce ya goge nasa kwafin littafin.

Ta bar wayar caji ɗaya, da rigar fata ɗinkin dukawa, da ni.

Za a yi mata sutura gobe da hantsi, a akwatin ƙarfe, kusa da rediyon mahaifina. Zaman makoki kwana uku ne a zaure. Baiwa za ta dama kunu, an saya mata murfi. In akwai wanda ya san mai gubar nan, a wuce da shi ciki kai tsaye, ko gaisuwa kada ya tsaya yi.