Alhaji Dakor Ya Sayo Cida

Idan ana lissafa baiwar da Allah ya yi wa Ɗanzomo, duk wanda ya tsallake sunan Alhaji Abdulfatah ya ci amanar tarihi. Dogon mutum ne mai cika ido, wanda ƙamshin turarensa kan riga shi shiga masallaci, ya kuma tsaya nafila bayan shi ya fita. Shi ya fara sa baƙin gilashi a garin, kuma don kada ilimin ya tsaya a kansa, har a sahun sallar Magariba yakan bar shi a goshi kowa ya gani. Tun da ya shiga safarar atamfa da batir tsakanin Maigatari da Damagaram ya dawo gida da Faransanci cikakke, wato kalma ɗaya, "dakor", ma'ana "na yarda". Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake ciniki, da ita ya taɓa yi wa wani ta'aziyya. Mutane suka laƙaba masa Alhaji Dakor, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

Abu ɗaya ya hana wannan bawan Allah barci mai daɗi a shekarar 1997, shi ne kujera. Ƙungiyar manoman garin za ta yi sabon shugaba kafin damina, kuma shugaban nan shi ke zuwa Sule Tankarkar karɓo taki, shi ke zama kusa da manyan baƙi, shi ake kiran sunansa a lasifika. A Ɗanzomo ba a jefa ƙuri'a a kan wannan. Dattawa ne ke zama su nuna mutum, kowa ya bi, dattawan kuma bakin Malam Ubale suke kallo, wani tsoho da ya fi kowa daɗewa yana noma a yankin. Ana ta raɗe-raɗin hankalinsu ya karkata ga wani Ya'u, mutumin da ba shi da wata bajinta a duniya sai noman. Wannan ya ƙona wa Alhaji rai ƙwarai. Gaskiya ne rabonsa da fartanya tun yana firamare, amma ya sha faɗa a majalisa cewa noma a ka yake, ba a kafaɗa ba.

Ya yi nazari irin na manya, ya gano abin da dattawan Ɗanzomo suka rasa a rayuwa. Ba su taɓa jin zamani da kunnensu ba. Ranar da suka ji, su da kansu za su ɗauko kujerar su kawo masa har gida.

Sai ya nufi Gumel, shagon wani Kingsley mai sayar da rediyo da bidiyo, ɗan kasuwar da ya iya Hausa ya kuma iya mutane. Kingsley ya fito masa da kayan sauti irin na gidan silima: ƙananan sifiku biyar, da akwatin da ke rarraba musu murya, da wata ƙatuwar baƙar sifika mai suna wufa, wadda aikinta shi ne fitar da gurnanin da ake ji a ƙirji. Alhaji ya dubi ƙananan a wulaƙance, ya ce waɗannan ai ba su gama girma ba. Wufar kuwa ya zagaya ta, ya daddanna bayanta, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya leƙa ramin da ke gabanta, kamar yadda ake yi wa rago a kasuwar Maigatari. Bai nemi a kunna ba. Ya ce shi da ido yake jin sauti.

Kingsley ya rantse tun da ya buɗe shago bai ga mai kunne irin na Alhaji ba, ya kuma tabbatar masa daga Gumel har bakin iyaka babu wufar da ta kai wannan. Ya ɗora masa kyautar kaset ɗin wani fim na Turawa, ya ce akwai wurin da hadari ke tasowa a ciki, nan ake gane kaya. Da ake ɗaure kwalaye ya ɗan yi bayani cewa ƙananan ana rataye su daidai kunnen mai zama, uku a gaba biyu a baya, ita kuma wufa a ƙasa ake ajiye ta, a kusurwar ɗaki.

Alhaji ya cire gilashi. "A ƙasa? Babbar tana ƙasa, yara suna bisa bango? Kingsley, wannan tarbiyyar Turawa ce. A gidana babba ba ya zama a ƙasa."

Kingsley ya ce wallahi shi ma abin ya daɗe yana damunsa.

Aikin kafa kaya ya ci mako guda, kuma an yi shi bisa ladabi. An gina wa wufa dakali a tsakiyar bangon gabas na falo, aka shimfiɗa mata darduma, ta hau ta zauna. Ƙananan sifikun, tun da Alhaji ya ce kunnen mutum ba wurin rataya ba ne, aka kai su can jikin azara, kusurwa-kusurwa. An kai janareta bayan gida don kada ƙararsa ta shiga hakkin sauti. Wayar da za ta kawo wuta kuwa, Alhaji ya ce ba za ta bi ta ƙofa mutane su tattaka ba, sai aka huda rufin soron aka zuro ta daga sama, ta sauko daidai kan wufa.

Iya Kande, mahaifiyarsa, ta tsaya tana kallon ramin. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce da shi "kai wannan", ta tuna masa kowa a unguwa ya yi wa rufinsa yaɓe saboda damina, saura nasu. Alhaji ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa babu maginin da zai hau ya yi tattaki a kan kayan da suka ƙetaro teku. Iya ta ce to, ta koma ɗakinta.

A lokacin bazara ta kai inda ta kai. Ruwa ya yi jinkiri, gonaki a share, iri a ƙulle, sungumi a jingine a kowane zaure, ido ya kafe a gabas. A makon nan gari ya fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, har da awaki. Alhaji bai samu zuwa ba, yana fama da waya. Da safiyar ranar da ya gayyaci dattawa wani ɗan hadari ya taso ya yi baƙi, zukata suka tashi, sannan iska ta watsa shi.

Bayan Azahar dattawa suka zo, Malam Ubale a gaba, suka tuɓe takalma a ƙofar falo. Alhaji ya sa an rufe tagogi an saki labule masu kauri, domin silima ba ta son haske. Talabijin ya lulluɓe da wani ƙyalle mai aiki, sai lokacinsa ya yi. Aka ci shinkafa da kaji, aka sha lemo, fanka tana kaɗawa. Dattawa suka dubi baƙin akwatin da ke kan darduma, suka ga ya fi su wurin zama, ba wanda ya tambaya.

Sannan Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Iyayena, na zaga duniya. Na ga Damagaram, na ga Kano, saura kaɗan na ga Legas. Abin da ya hana manomin Ɗanzomo ci gaba shi ne yana zaune yana jiran abu ya zo masa. Ni ba na jira. Ni abin da nake so, kiransa nake yi ya zo. Dakor?"

Ya yi ta zuba har wasu suka fara gyangyaɗi. Ya yi maganar taki, ya yi maganar tarakta, ya yi maganar wani Bature da ya taɓa yaba masa agogo. Da ya ga lokaci ya yi, sai ya zuro rimot ta hannun riga ya danna a ɓoye. Dama ya kai kaset ɗin daidai wurin da Kingsley ya faɗa. Shirinsa su ji, su ruɗe, sannan ya yaye ƙyalle su ga ikon zamani.

Wufa ta yi gyaran murya. Wata cida ta taso daga bangon gabas, mai nauyi, ta bi ta cikin dakali ta shiga ƙasa, ta hau ƙafafun dattawa har ƙirji. Ƙura ta zubo daga azara. Masu gyangyaɗi suka farka. Can sai tsawa ta fashe, sifikun sama suka saki ƙarar ruwa ta kusurwa huɗu, shaaa, kamar an buɗe bakin sama.

Malam Ubale ya ɗaga hannu biyu. "Alhamdu lillahi. Ya ji kukanmu." Hawaye suka gangaro masa cikin gemu, bai ko share ba. Tsohon nan ya yi makonni yana kwana da tunanin irin da ya rage masa da bakunan da ke gidansa, yanzu ga shi an sauke masa dutsen da ke kansa. Dattawa suka kama salati, wani ya rungume wani. Kuma da yake a ƙasar nan ranar ruwan fari ba a zaman hira, ko gaban wa ake, sai kowa ya zabura. Wannan yana cewa a aika gida a fito da iri, wancan yana tambayar wa ya ari sunguminsa. Suka yi ƙofa gaba ɗaya, tsofaffin da ɗazu sai da aka kama su suka zauna. Malam Ubale ko takalmi bai tsaya nema ba.

Suka faɗa cikin zafin rana. Sama fes, ko gizagizai babu. Ƙasa ta ƙona wa Malam Ubale tafin ƙafa. A tsakar gida ga Iya Kande ta fito da tulu za ta tara a bakin indararo, ta tsaya da shi a hannu. Ta bayan katanga ana jin matan maƙwabta suna kiran a kwashe shanya. Daga cikin falo kuwa ruwa yana ta zuba abinsa.

Alhaji ya biyo su yana dariya har da riƙe ciki, rimot a sama. A ransa ya gama hawa kujera, domin ko a mafarki bai zaci kaya za su yi aiki haka ba.

"Kun ji ko, iyayena? Ni na yi shi! Da ɗan wannan abin na yi shi. In kuna so in mayar da shi baya ku sake ji. Dakor?"

Ba wanda ya yi dariya. Kunya ta kama dattawa, irin kunyar babban da aka gan shi yana kuka a banza, bayanta kuma baƙin ciki ya biyo. Malam Ubale ya sa gefen rawani ya share gemunsa a hankali.

"Abdu," ya ce, da sunan da ya san shi tun yana yawo ba wando, "mun fita da jikokinmu da dabbobinmu mun roƙi Allah ruwa. Kai kuma ka tara mu ka yi mana wasa da shi."

Ya ce a miƙo masa takalmansa, shi ba zai sake taka ɗakin nan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka nuna Ya'u, ba a ko ja zancen ba.

Alhaji ya ɗauki abin da dattaku. Ya bayyana wa duk wanda ya tsaya saurare cewa hassada ce, kuma garin bai kai matsayin sauti ba tukuna. Ya daina fita majalisa, inda yanzu ake ce masa Alhaji Cida, ya koma falonsa ya saki labule, shi da wufarsa, manya biyu da ba a san darajarsu ba.

Yana nan kishingiɗe wata La'asar, janareta a kashe, sai ya ji wani gurnani daga gabas. Ya tashi zaune. Gurnanin ya sake zuwa, mai zurfi, mai faɗi, har kofunan shayi suka kaɗa a kan tire. Ya dubi rimot, ga shi a ajiye. Ya dafa wufa, sanyi ƙalau. Ya karkata kai ya saurara da kunnen nan da Kingsley ya yaba, ya tabbata ko maƙiyi ya san wannan wufar ta fi tasa. Kishi ya turnuƙe shi.

Ƙofa ta buɗe, Iya Kande ta shigo da kwano a hannu, zanenta sharkaf.

"Iya, kin ji abin da nake ji? Wa ya sayo ta? Ya'u ne ko? Kingsley ya rantse mini babu wadda ta fi tawa har bakin iyaka!"

Iya ta ɗaga kai ta dubi rufi. Ta wuce shi ta nufi dakali. Ta ramin da aka huda wa waya, jan ruwan rufin da ba a yaɓe ba yana bin wayar yana sauka ɗis, ɗis, a tsakiyar kan babbar baƙuwa, dardumar ta riga ta jiƙe. A waje ana jin gudun mutane da kiran a fito da iri. Iya ta ɗora kwanon a kan wufa, ta gyara masa zama, ta tsaya har ta ji ɗigon farko ya buga.

"Kai wannan," ta ce, "kwantar da hankalinka. Ga taka ma yau ta kawo ruwa."