Kiran Sallar da Ban Ƙarasa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka hau Dutsen Sinai, muna ɗalibai a Alƙahira, ba a daɗe da buɗe hanyar wurin ba. Ladanin masallacinmu na unguwar Darrasa ya gama karatu ya koma gida, kuma Shehi, malaminmu Bamisire da ya shirya tafiyar, shi zai naɗa sabo. Na ƙwallafa rai a kan matsayin nan (har gaban madubi nake gwada toshe kunne).

A gindin dutse Shehi ya ce wanda ya riga kaiwa sama shi zai kira azahar. Ai kuwa na tattare jallabiya na zuba da gudu. Abokin ɗakina Isufu, ɗan Maraɗi, yana tafe yana taunar dabino, ya ce, "Ɗan uwa, bi a hankali, dutsen nan ba ya zuwa ko'ina." Ko waiwaye ban yi ba.

Ni na fara kaiwa. Gajimare na shimfiɗe a ƙarƙashina fari fat kamar audugar da aka shanya, amma ban iya kallonsa ba. Ƙirjina na zafi, kaina na juyawa, sanyi ya riƙe min maƙogwaro.

Da suka iso Shehi ya ce, "Yalla ya ibni, maza ɗana, bismilla."

Na fuskanci alƙibla, na toshe kunne da yanga. Kabbarar farko ta fita lafiya, na ma ja ta fiye da kima. Daga ta biyu murya ta maƙale, sai wani siririn kuka irin na ɗan akuya. Na zame na zauna daɓas a gaban kowa.

Isufu ya goge hannu a riga, ya tsaya kusa da ni ya kira sallar daga farko, a natse. Shehi ya dafa kaina ya ce, "Ma'alish," wato ba komai. Sai ya dubi Isufu ya ce, "Khalas, shi ke nan, mun samu ladani."

Har muka gama karatu muryar Isufu ke tashina kowace asuba, ina jin haushi cikin bargo. Ya rasu da daɗewa, kuma yau ba muryar da nake kewa kamarta. Ni dai na koyi darasina: ko limanci aka ce in yi a unguwa, sai na zauna na huta tukuna.